Takardar Hasashen Maris da Yaran da Ake Caca a Kansu

Duk shekara, a wata Lahadi ta tsakiyar watan Maris, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, takan fitar da sunayen ƙungiyoyin da za su fafata a gasar ƙwallon kwando ta ƙasa, wadda suke kira March Madness. Daga wannan dare zuwa safiyar Alhamis, miliyoyin mutane kan zauna su cike takardar hasashe: wa zai doke wa, tun daga zagayen farko har zuwa wasan ƙarshe. Ma'aikatan ofis suna yi, malaman makaranta suna yi, tsofaffin da ba su san dokar wasan ba su ma suna yi, wasu ma da launin riga suke zaɓe. Ina son wannan al'ada, kuma sonta ne ya sa abin da aka mayar da ita yake damuna. An ɗauki wasan raha na 'yan kallo an maishe shi ƙofar shiga caca, masu sharhi sun zama masu kiran ciniki, nauyin kuma ya faɗa kan ɗalibai 'yan shekara goma sha takwas zuwa ashirin da 'yan kai.

Daɗin gasar yana cikin tsarinta: sau ɗaya aka doke ka, ka fita. Idan aka kammala wasannin share fage, ƙungiyoyi 64 ke saura, wasanni 63 ke nan cikin makonni uku. Babu wanda aka taɓa tabbatar da cewa ya cinka su duka. Idan da ka kawai mutum yake zaɓe, damarsa ɗaya ce cikin biliyan sau biliyan tara da ɗoriya. Shi ya sa a 2014 attajiri Warren Buffett ya tsaya wa tayin dala biliyan ɗaya ga duk wanda ya cinka duka, kuma tun a kwanakin farko kowa ya faɗi. Mafi nisan da aka tabbatar shi ne na wani mutumin jihar Ohio a 2019, wanda ya cinki wasanni 49 a jere. A 2018 wata ƙaramar jami'a, UMBC, wadda aka ajiye a matsayi na 16, mafi ƙasa a rukuninta, ta lallasa Virginia mai matsayi na ɗaya da ci 74 da 54, abin da bai taɓa faruwa ba a gasar maza. A daren nan takardar farfesa da ta masinja duk sun yage tare. Wannan shi ne abin so a cikin lamarin: gwani da ɗan koyo suna zama ɗaya, a yi dariya, a tsokani juna, a samu abin hira da maƙwabcin da ba a taɓa gaisawa da shi ba.

'Yan siyasa sun daɗe da gane amfanin wannan. A 2009 Barack Obama ya tsaya gaban allo a Fadar White House, tashar ESPN tana ɗauka, ya cike tasa takardar, ya zaɓi North Carolina, kuma ita ta ci kofin. Ya ci gaba da yi duk shekara har ya sauka, yana cike ta mata ma. Abokan hamayyarsa sun ce shugaban ƙasa yana da aikin da ya fi wannan. Ni ban ga laifinsa ba. Shugaba ya nuna yana kallon abin da talakawansa suke kallo ba aibu ba ne, kuma takardar Obama ba ta da kwabo a kanta. Donald Trump da aka yi masa tayin a 2017 bai karɓa ba, shi ma haƙƙinsa ne. Siyasar da ta dame ni tana majalisun jihohi da kotu, nesa da wancan allon.

A 1992 majalisar Amurka ta yi dokar da ta hana jihohi halasta cacar wasanni, in ban da Nevada da wasu ƙalilan da suka riga suka fara. Wanda ya ja ragamar dokar shi ne Sanata Bill Bradley na New Jersey, kuma ya san abin da yake magana a kai, domin shi kansa tauraron ƙwallon kwando ne a Jami'ar Princeton, ya kai ta matakin huɗun ƙarshe a 1965 kafin ya buga wa ƙungiyar ƙwararru ta New York Knicks. Jiharsa ce daga baya ta ƙalubalanci dokar, ƙarƙashin Gwamna Chris Christie, tana neman kuɗin shiga da farfaɗo da gidajen cacar Atlantic City. Ranar 14 ga Mayu, 2018, Kotun Ƙoli ta soke dokar, ta ce gwamnatin tarayya ba ta da hurumin umartar majalisun jihohi yadda za su yi doka. Kotun ba ta ce caca alheri ba ce. Ta ce ne kowace jiha ta yanke wa kanta. Jihohi fiye da 35 suka yanke cikin 'yan shekaru, mafi yawansu har da caca ta wayar hannu. Ƙungiyar kamfanonin cacar Amurka ta ƙiyasta cewa a gasar Maris ta 2025 kaɗai, ta maza da ta mata, za a zuba kusan dala biliyan 3.1 ta hanyar da doka ta yarda. Jihar New York tana karɓar kashi 51 cikin ɗari na ribar kamfanonin cacar waya a matsayin haraji. Gwamnan da yake karɓar irin wannan kuɗi ba zai yi saurin taɓa kamfanonin ba, ko ɗan jam'iyyar Democrat ne ko na Republican, kuma a nan jam'iyyun biyu ba su da bambanci.

Za a ce ai dama can ana sa kuɗi a takardar hasashe. Gaskiya ne. Ana yawan danganta farkon abin da wata mashaya a Staten Island a 1977, inda mutane 88 suka zuba dala goma-goma, kuma tun daga nan kusan kowane ofis yana da ɗan asusunsa. Ni a addinina wannan ma caca ce, ba na ɓoyewa. Amma ko wanda bai yarda da ni a kan wannan ba zai ga bambancin illa. Mai takarda sau ɗaya yake zuba kuɗinsa a shekara, ya jira makonni uku, ya san iyakar asararsa tun ranar farko. Mai manhaja a waya yana iya zubawa sau hamsin a wasa ɗaya: wa zai fara cin maki, maki nawa za a ci kafin hutun rabin lokaci, ɗan wasa kaza zai kama ƙwallo nawa. Idan ya faɗi, maɓallin ramuwa yana nan ƙarƙashin yatsansa. Kamfanonin kuma sun san ta ina ake shigowa, shi ya sa suke shirya gasar hasashe kyauta a watan Maris, mai kyautar kuɗi. Ka shiga kyauta, ka ba da sunanka da adireshin imel, gobe tayin garaɓasa ya iso.

A nan masu sharhi suka shigo, kuma su ne na fi jin takaicinsu, domin aikin sharhi amana ce. Mai sharhi shi ne idon wanda bai je fili ba. Shi ke gaya maka yaron nan daga wane gari ya fito, me ya sa koci ya canza tsarin tsaro, me ya sa ƙaramar makaranta take rage gudun wasa don ta gajiyar da babba. A da, ambaton caca a kan iska abin kunya ne. Brent Musburger, wanda ake danganta wa yaɗa sunan gasar a talabijin a farkon shekarun 1980, habaici kawai yake yi wa masu caca, kuma da ya so yin maganar a fili sai da ya bar ESPN a 2017 ya koma Las Vegas. Yau ba a buƙatar habaici. Tazarar makin da 'yan caca suka ɗora, wato yawan makin da ake caca wata ƙungiya za ta doke wata da su, tana gudana a ƙasan allo, akwai shirye-shiryen da ba su da wani aiki sai ba da shawarar inda za a sa kuɗi, kuma a 2023 ESPN da kanta ta ba da hayar sunanta ga kamfanin caca na Penn, aka buɗe ESPN Bet, a yarjejeniyar dala biliyan ɗaya da rabi. Mai sharhin da tasharsa ke cin moriyar kowane sabon mai caca ya zama kamar ɗan kamasho a tasha: kowace mota ya nuna maka zai ce ita ce mai lafiya, kuma ko ta mutu a hanya shi ya riga ya karɓi nasa.

Abin ya canza har yadda ake kallon wasan. Ƙungiya tana gaba da maki goma sha biyu, saura daƙiƙa ashirin, wasa ya ƙare a wurin duk mai hankali. Koci ya saka yaron benci wanda bai buga ba duk kakar, don iyayensa su gan shi a fili. Yaron ya jefa, ko ta shiga ko ta ƙi. A da wannan abin tafi ne kawai. Yanzu wannan jifan yana iya juya tazarar da aka yi caca a kanta, dubban mutane su yi asara, kuma sun san sunansa, sun san shafinsa na Instagram.

Ga inda maganar take da nauyi. Jihar Ohio ta buɗe cacar wasanni ranar 1 ga Janairu, 2023. Kafin watan ya ƙare kocin Jami'ar Dayton, Anthony Grant, ya fito gaban 'yan jarida yana kokawa da yadda masu caca suke zagin yaransa bayan an ci su wasa. A Maris ɗin 2024 Armando Bacot na North Carolina ya ce bayan wani wasa da ƙungiyarsa ta ci, ya tarar da saƙonni sama da ɗari na zagi, don bai kama adadin ƙwallon da aka yi caca zai kama ba. Ƙungiyarsa ta yi nasara fa, amma shi an tsine masa. NCAA ta ce cikin fitattun 'yan wasanta, ɗaya cikin uku yana samun saƙon cin mutunci daga masu caca. Ƙwararren ɗan wasa yana da masu gadi, yana da mai kula masa da shafukansa, yana zaune a gidan da ba a shiga. Ɗalibi gobe da safe zai shiga aji, kuma mai yiwuwa wanda ke kujerar bayansa shi ne ya yi asarar kuɗin haya a kansa jiya. Abokin ɗakinsa ya san ƙafarsa na ciwo tun kafin likita ya sanar, kuma wannan labarin yanzu kuɗi ne.

Cacar da ake yi a kan ɗan wasa guda tana da wani haɗarin da ya wuce zagi. Sayar da wasa gaba ɗaya yana buƙatar mutane da yawa su haɗa baki. Sayar da lissafin mutum ɗaya shi kaɗai yake buƙata: ya ce cikinsa ya murɗa, ya fita bayan minti huɗu, wanda ya yi caca cewa ba zai ci maki da yawa ba ya kwashe. Ƙungiyarsa na iya cin wasan, sai ya rarrashi zuciyarsa cewa bai cuci kowa ba. Haka Jontay Porter ya yi a NBA, gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru, aka kore shi har abada a 2024, kuma shi albashinsa ya fi ƙarfin abin da yawancin ɗalibai za su gani. Tarihin ƙwallon jami'a kuwa cike yake da wannan. A 1951 aka bankaɗo 'yan wasa sama da 30 daga jami'o'i bakwai da suke rage maki da gangan, ciki har da na City College ta New York, wadda shekara guda kafin nan ta ci manyan kofunan ƙasar biyu, kuma ba ta sake tashi ba. An yi a Boston College a kakar 1978 zuwa 1979, an yi a Arizona State a 1994, inda bashin caca ne ya ja ɗan wasan ciki. Duk waɗannan sun faru lokacin da sai an nemi ɗan caca a ɓoye. Yanzu yana cikin aljihun kowane ɗalibi.

Masu kare tsarin suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Suna cewa cacar da ake yi a fili ita ake iya sa wa ido. A 2023 masu lura da zirga-zirgar kuɗin caca ne suka hango wani yunƙuri mai ban shakka a Cincinnati a kan wasan besbol na Jami'ar Alabama, aka bi sawu, aka kori kocin, Brad Bohannon, don shi ya tsegunta cewa babban mai jifansa ba zai buga ba. Da a ɓoye aka yi, da wataƙila ba a sani ba. Na yarda. Amma wannan hujjar tana kare halasta caca a kan sakamakon wasa ne, ba ta kare ƙirƙiro ɗaruruwan ƙananan caca a kan jikin yaro ɗaya ba, ba ta kuma kare tallar da ke bin mutum har cikin sharhi ba. Kama mutum uku bayan ka jarabci dubu ba nasara ba ce.

Hujja ta biyu ita ce yaran yanzu ana biyansu, don haka su jure. Lallai abubuwa sun canza. Ed O'Bannon, wanda ya ci kofi da UCLA a 1995, ya ga siffarsa a wasan bidiyo ba a ba shi ko sisi ba, ya kai ƙara a 2009. Jihar Kalifoniya ta yi dokar da za ta bar 'yan wasan jami'a su karɓi kuɗin talla da sunansu a 2019. A Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka yanke wa NCAA hukunci a shari'ar Alston, wadda aka yi a kan iyakar da hukumar ta sa wa abin da ake ba 'yan wasa, daga 1 ga Yulin shekarar kuma aka bar 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunansu. A Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun dala biliyan 2.8 tsakanin NCAA da 'yan wasan da suka kai ta ƙara, wanda ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Na yi murna da wannan, domin gasar da kamfanonin talabijin na CBS da Turner suka amince su biya dala biliyan 8.8 don tsawaita nuna ta zuwa 2032 bai kamata a ce masu gumi a cikinta abinci da kuɗin makaranta kawai suke samu ba. Sai dai kuɗin yana taruwa ne a hannun taurarin manyan makarantu. A rukunin farko na NCAA, wanda shi ke buga wannan gasar, akwai jami'o'i sama da 350, kuma yaron ƙaramar makaranta da ake buga wasansa ranar Talata da dare gaban 'yan kallo ƙalilan shi ma yana kan manhajar caca. Shi ne ya fi sauƙin saye, shi ne kuma ba mai gadinsa.

Ita kanta NCAA hannunta ba tsarkakakke ba ne. A 2003 Jami'ar Washington ta kori kocinta na ƙwallon ƙafa irin na Amurka, Rick Neuheisel, a kan shiga asusun hasashen Maris da maƙwabtansa. Hukumar da ke da irin wannan tsauri a da, yau ta ba Las Vegas masaukin matakin huɗun ƙarshe na 2028. Jami'o'i ma sun gwada: Colorado ta ƙulla da kamfanin caca na PointsBet a 2020, har da ladan dala 30 a kan duk wanda ya yi rajista ta hanyarta, Michigan State da LSU suka ƙulla da wani kamfanin cacan, Caesars, sai da surutu ya yi yawa aka warware. Duk da haka, a kan batun cacar ɗan wasa guda, shugaban hukumar, Charlie Baker, yana da gaskiya. Tsohon gwamnan Massachusetts ne, shi ya sa hannu a dokar cacar jiharsa a 2022, saboda haka ba za a ce maƙiyin harkar ba ne. A 2024 ya roƙi jihohi su haramta wannan nau'in a wasannin jami'a. Ohio, Vermont, Maryland da Louisiana suka yi. A majalisar tarayya Paul Tonko da Richard Blumenthal sun gabatar da ƙudurin da zai hana shi a ƙasa baki ɗaya, ya kuma hana tallar caca yayin da ake tsakiyar wasa. Waɗannan biyun su ne abin da nake goyon baya, kuma ban ga abin da mai son ƙwallo zai rasa ba idan aka yi su. Sannan ga sabuwar ɓaraka: kamfanoni irin su Kalshi, da suke cewa su kasuwar hada-hadar hasashe ce ƙarƙashin hukumar tarayya, saboda haka dokar jiha ba ta hau kansu ba. A 2025 sun buɗe ciniki a kan gasar Maris har a jihohin da suka haramta caca, a shekarar kuma ɗan shugaban ƙasa, Donald Trump Jr., ya zama mai ba su shawara.

Mu ma abin ya shafe mu ta hanya biyu. Tun lokacin da Hakeem Olajuwon ya tashi daga Legas ya kai Jami'ar Houston matakin huɗun ƙarshe sau uku a jere, daga 1982 zuwa 1984, yaran Najeriya da Senegal da Mali da Kamaru da Sudan ta Kudu ba su daina bin wannan hanyar ba. Da bizar ɗalibi suke zuwa, wadda ta taƙaita musu aikin samun kuɗi, don haka kuɗin tallan da abokan wasansu suke karɓa su yana yi musu wuyar taɓawa. Yaro yana nesa da gida, iyaye suna jiran aike, ba shi da lauya, kuma sunansa na kan allon caca kamar na kowa. Idan mai sayen wasa yana neman wanda zai tunkara, ba zai daɗe yana nema ba.

Ta biyu kuwa, hanyar da Amurka ta bi ita Najeriya ta hau. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce lamarin na jihohi ne. A Kano Hisbah ta koma rufe shagunan caca, amma shago kawai ake iya garƙamewa, waya tana hannun yaro a gidan kallon ƙwallo, kuma hasashen wa zai ci tsakanin Arsenal da Chelsea da ake yi don musu ya daɗe da zama tikiti. Wasannin jami'o'inmu na NUGA, da aka fara a Ibadan a 1966, ba su da kuɗin da zai ja hankalin waɗannan kamfanoni tukuna, kuma wannan ne lokacin da ya dace hukumar ta rubuta a dokarta cewa ba a caca a kan ɗalibi, ba a kuma karɓar tallafin kamfanin caca. Gidajen rediyonmu da suke shirin wasanni da Hausa su ci gaba da buɗe layi mai sauraro ya faɗi hasashensa a yi dariya, amma duk ranar da kamfanin caca ya zo da tayin ɗaukar nauyin wannan sashen, manajan tasha ya mayar masa da takardarsa.